Takarda ta Uku

Kudai, Makka
12 ga Oktoba, 2016

Yaya Mailafiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali da duk mutanen Kabo da ke zaune tare da ku a Kano. Mu dai alhamdu lillahi, in ban da gwiwar maigidana Idris da ke tashi lokaci-lokaci.

Na san za ka juya ambulan ɗin nan kana neman wace ce. Mairama ce, 'yar Malam Uzairu, jikar Ɗan'auta wanda yake uba ɗaya da kakanka. Ina da shekara goma sha biyar aka taho da ni Makka, ban sake taka gida ba. An ba ni lambarka, na kira na sake kira, kana ta "Wa ke magana?" har katina ya ƙare. Daga baya aka ce kunnenka ya yi nauyi, sai dai a rubuce. To ga shi na rubuta, da ɗan bokon firamaren da ya rage mini.

Sana'ata renon yaran mutane. Uwaye su ajiye mini da safe su tafi aiki, wata asibiti, wata makaranta, su ɗauka da yamma. Yanzu shida ne a hannuna. Akwai wata jam'iyyar taimako da ke biyan rabin kuɗin, uwa ta biya rabi, da ba don haka ba babu wadda za ta iya. Bana sai suka fito da doka, wai duk mai reno, da duk wani babba da ke kwana a gidan, sai ya kawo takardar 'yan sanda mai shaida bai taɓa aikata laifi ba. Mun yi ta nan, ni da Idris, mun biya. Na kai musu ina murna, sai matar da ke karɓar takardu ta duba igamata, wato katin zama, ta ce ai ni 'yar Nijeriya ce, sai na kawo ta can ma. Na ce mata baiwar Allah, shekara talatin da bakwai rabona da ƙasar, aike zan yi a yi mini laifin? Ta ce nizam ne, wato doka. A nan in aka ce maka nizam, magana ta ƙare.

Ba na cewa dokar banza ce. Ni ma in 'yata ce zan so in san hannun da na bar ta. Abin da ke ƙona mini rai, ko sisi jam'iyyar ba ta sa ba, komai daga aljihunmu. Wa'adi ƙaramar Sallah. In ban kai ba za su cire sunana, a kwashe yaran a kai su wani gidan reno can unguwar Aziziyya. A cikinsu akwai Minnatullah, muna ce mata Minna, wadda uwarta Lujain ta miƙo mini tana jaririya. Yanzu shekararta huɗu, har yau ba ta yarda wani ya ba ta abinci in ba ni ba.

An ce ka yi aikin gwamnati, ka san ofisoshi. Don zumunci ka bincika mini yadda ake yi da abin da za a kashe. Alhaji Awwalu mai turare zai kawo maka wannan, shi ke zirga-zirga tsakanin Kano da Jidda, ta hannunsa za ka amsa.

Ƙanwarka,
Mairama

Rijiyar Zaki, Kano
20 ga Nuwamba, 2016

Hajiya Mairama,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, na karanta, sannan na karanta wa mutanen gida. Muna lafiya, sai hawan jini da nake lallaɓawa. Allah ya sauwaƙe wa Malam Idris gwiwarsa. Maganar kunne kuwa an yi mini ƙari. Ina ji sarai in mutum ya buɗe baki ya yi magana. Wayoyin zamani ne ba su da kyau.

Kin zo inda ya dace. Shekara talatin da biyar ina akawu, babu ƙofar ofishin da ban sani ba. Na bincika, ba a Kano ake yin irin takardar da kike so ba, sai Abuja. Da farko sai kun dangwala yatsunku goma a kan fom ɗin da na haɗo miki, ke da Malam Idris, a gaban hukuma ta nan wurinku, su buga hatimi. In takardar ta fito, akwai ofishi na biyu da zai shaida cewa na farkon ne ya yi ta. Sannan a fassara ta da Larabci. Sannan ofishi na uku ya shaida na biyun. Kowanne da kuɗinsa, kuma kowane mutum da nasa, ban da mota da kwana da abinci. Na rubuta jimlar a bayan fom, ki nemi wuri ki zauna kafin ki duba. Kin san yadda naira ta koma bana.

Na je Kabo na faɗa wa Goggo Ramlatu, autar su mahaifina. Sai ta fashe da kuka, ta ce ita ta yi miki kitso ranar da za a tafi da ke. Da na ba ta labarin takardar laifi, ta share hawaye ta ce a zo a tambaye ta, tana da shaida: kin taɓa fasa mata tulu kika ce akuya ce. Ta haura saba'in, tana nan tana zubin adashi, wai ba za ta mutu ba sai ta ga Ɗakin Allah. Mu dai amin muke ce mata.

Ki kwantar da hankalinki, ƙaramar Sallah da nisa. Kafin azumi ma an gama.

Yayanki,
Mailafiya

Kudai, Makka
18 ga Disamba, 2016

Yaya Mailafiya,

Sallama da gaisuwa, da fatan hawan jinin ya sauka. Nawa dai ya hau. A tsaye na duba bayan fom ɗin, sai da na lalubi kujera. Abin da nake samu a wata biyu ke nan, ba ragi.

Bari ka ji yadda aka yi da yatsu. Na Idris sun fito tas a karon farko. Ni kuwa, ma'aikaciyar ɓangaren mata ta danna yatsana a tawada, ta danna a takarda, sai baƙin tabo kawai, babu zane. Ta sake, haka. Ta juya tafin hannuna ta ce, "Ya khala, ina basmarki?" Khala inna ke nan, basma kuma zanen yatsa. Na ce mata tana cikin bahon wanki. Shekara goma sha takwas ina wanke kashin 'ya'yan mutane da omo da bilic, me zai rage? Ta ce in je in yi mako biyu ban taɓa ruwa ba, in riƙa shafa basilin ina kwana da safar hannu. Mai yara shida ake ce wa kada ta taɓa ruwa!

Idris ne ya karɓi wankin, Allah ya saka masa. Ya fasa mini kofuna, ya haɗa fararen zannuwan gado da wata jar riga, yanzu duk shimfiɗar yaran ruwan hoda ce. Ni ina zaune da hannu a safa kamar amarya a lalle, Minna na tambayata ko ciwo na ji. Sai a zuwa na uku zanen ya ɗan fito, kuma kowane zuwa sai an biya. Na sa an yi mana bibbiyu, don ba zan sake wannan zaman ba. Ka adana na biyun.

Kuɗin na hannun Alhaji Awwalu. Awarwarona biyu na sayar, kada ka faɗa wa kowa a gida, kada a ce mutanen Makka sun tsiyace.

Abu ɗaya nake roƙo. Duk wanda zai kawo takardun ya kawo mini su hannu da hannu har gida, kada a ajiye a shagon kowa. Ka gaishe mini da Goggo ƙwarai, na tuna kitson, har yau ina jin zafinsa a ƙeya. Ka ce mata maganar tulu kuwa akuya ce.

Mairama

Rijiyar Zaki, Kano
9 ga Fabrairu, 2017

Hajiya Mairama,

Bayan gaisuwa, albishirinki. An gama.

Ba don ni ba ne, da wani ne da ya ajiye aikin nan a hanya. Takardun sun fito tun farkon Janairu. A ofishi na biyu mai sa hannu ya tafi hutu, na dawo Kano na sake komawa. Wajen fassara na tsaya a kan mutumin har ya gama, ko da yake Larabcina na sallah ne. A ofishi na uku na bi layi tun hantsi, wani matashi a bakin ƙofa yana ta ce mini, "Baba, kawo in shigar maka." Na ce masa tun ba a haife shi ba nake shigar da takardu. Yanzu ga su da hatimi ja da shuɗi da kore, har sha'awa suke ba ni, da ƙyar na rabu da su.

Kuɗin da kika aiko bai kai ba, motar Abuja ta ƙara kuɗi. Na cika daga fanshona. Ba bashi ba ne, kada ki tayar da maganar.

Na damƙa wa Alhaji Awwalu a hannunsa, na maimaita masa har gida. Ya ce cikin makon nan zai tashi. Kin ga abin da na faɗa miki, ko Rajab ba a shiga ba.

Goggo ta ce akuyar da ta fasa tulun tana da ɗankunne.

Yayanki,
Mailafiya

Kudai, Makka
16 ga Afrilu, 2017

Yaya Mailafiya,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki dai muna da ita, sauran kuma ka karanta.

Alhaji Awwalu ya iso shekaranjiya, yana murmushi yana ƙamshi. Ashe daga Kano Dubai ya yi, daga can ya wuce Chaina sayen kwalaben turare, ya sake dawowa Dubai. Duk wannan yawon takarduna na cikin jakarsa. Ni da ban taɓa wuce Madina ba, shaidar halina ta je Chaina ta dawo. Wata biyu ina leƙen hanya, ina kiran lambarsa a kashe, kai kuma ba a kiranka.

Jiya na kai su jam'iyya. Matar ta yaba hatiman, sannan ta sa farce a ƙasan takardar. An rubuta wata uku take aiki daga ranar da ta fito. Ta mutu, Yaya. Duka biyun sun mutu a jakar mai turare. Kai da ka san ƙofar kowane ofishi, ka tsaya kallon ja da kore ba ka karanta layin ƙasa ba? Na ce wa matar daga Janairu zuwa yau ina Kudai ina share majina, yaushe na je Nijeriya na yi laifi na dawo? Ka san amsar da ta ba ni.

Na dawo gida na zauna a kicin na yi kuka. Lujain ta zo ɗaukar Minna ta same ni haka, ta cire sarƙar wuyanta ta ajiye mini a kan firij. Yarinyar da ke wankin asibiti, mijinta ba aiki. Na mayar mata. Idris ne ya fito da abin da yake tarawa don likitan gwiwa ya ce a sake. Ga shi nan na aiko ta hannun wata maƙwabciyarmu, ban ƙara yarda da mai turare ba. Ka yi amfani da yatsu na biyun da ka adana, in ka adana.

Yanzu ka buɗe ido ka karanta wannan da kyau. Cikin azumi jam'iyya za ta turo mufattisha, mai duba gidaje, ba sanarwa. Za ta duba ko akwai wani babba da ke kwana a gidan ba shi da takarda. In ta samu, khalas, an cire ni. Tun muna unguwar Nakkasa ba mu taɓa azumi babu baƙin Umra daga gida a ɗakinmu ba, wasu ma ba mu san su ba, sunan gari kawai suke faɗa mu shimfiɗa musu. Bana na rufe ƙofa, kuma Allah ya ga ba da son raina ba. Duk wanda ka ji yana shirin sauka wurina, ka ba shi haƙuri.

Mairama

Rijiyar Zaki, Kano
3 ga Yuni, 2017

Hajiya Mairama,

Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadunmu. Muna lafiya.

Wasiƙarki ta yi zafi, amma na shanye. Layin da kike magana an rubuta shi ƙanana ƙwarai, ko mai ido biyu lafiyayyu sai ya sa tabarau. Ban tsaya musu ba, na koma Abuja. Wannan karon ban dawo ba sai da na gama, a ɗakin wani tsohon abokin aikina na yi ta kwana a kan kujera. Takardun sababbi ne fil, na karanta su sama da ƙasa har da baya.

Sai maganar wanda zai kawo. Na daɗe ina tunani, sai Allah ya kawo mafita da kansa. Adashin Goggo Ramlatu ya fito, 'ya'yanta suka cika, an samo mata kujerar Umra mai sauƙi, irin wadda babu masauki a ciki. Kin ce hannu da hannu har gida. To wane hannu ya fi nata? Ba ta zuwa Dubai, ba ta zuwa Chaina. Ta ɗaure takardun a leda ta sa a lalitarta, ta ce sai dai a sace ta gaba ɗaya.

Na ga abin da kika rubuta game da baƙi, kuma na sallami mutum biyu da suka zo neman adireshinki. Amma Goggo ai ba baƙuwa ba ce, uwa ce. Dokar nan don masu laifi aka yi ta, wace hukuma ce za ta dubi tsohuwa da carbi a hannu ta ce ina takardarki? In kuma ƙanƙantar gida kike jin kunya, na san halinku na mutanen waje, Goggo tabarma kawai take buƙata, ta ma taho da abarta.

Ita za ta miƙo miki wannan wasiƙar. Ki riƙe ta da kyau, gwiwoyinta ba su da ƙarfi.

Yayanki,
Mailafiya

Kudai, Makka
28 ga Yuni, 2017

Yaya Mailafiya,

Barka da Sallah. Goggo za ta kawo maka wannan, ba ta san abin da ke ciki ba, kuma kada ka karanta mata.

Ranar da ta iso, da hantsi aka buga ƙofa, na buɗe na ga tsohuwa da jaka a ka da tabarma a hammata, mai tasi yana bayanta yana neman kuɗinsa. Ta dube ni ta ce, "Mairamu, kin yi furfura." Na rungume ta muna kuka, ƙamshin daddawa na tashi daga jakar. Ta kwance lalita ta ba ni takardun, ta ba ni wasiƙarka. Na karanta a tsaye. Wallahi da kana kusa da ka ji abin da kunnenka zai ji ba tare da an ɗaga murya ba. Na rubuta maka baƙi a kan fari, ka karanta, ka zauna ka fassara mini abin da nake nufi.

Washegari na kai takardun, aka karɓa. Saura mufattisha. Na ce a raina wataƙila sai bayan Sallah za ta zo, na bar wa Allah.

Kwanakin nan ban taɓa jin daɗin gidana irinsu ba. Idris ya kai Goggo ta yi Umrarta a keken guragu, ta dawo cike da murna. Da rana ta zauna cikin yaran tana yi musu tatsuniya, su ba sa jin rabin Hausarta, ita ba ta jin Larabcinsu, amma ba mai tashi. Ta yi ɗanwake, ina kallo Minna ta buɗe baki ta karɓa daga hannunta. Har kishi na ji.

Ana gab da shiga goman ƙarshe mufattisha ta zo, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar Lujain ba. Ta duba tagogi, ta duba firij, ta duba abin kashe gobara. Sai ta ga jaka a lungu da tabarma a naɗe. Goggo na zaune da Minna a cinya, ta ce mata, "Sannu 'yar nan, ya azumi?" Yarinyar ta juyo ta tambaye ni da Larabci ko Hajiyar nan a nan take kwana. Da na ce maƙwabciya ce, da shi ke nan. Da bakin azumi, a gaban matar da ta yi mini kitso, na kasa. Na ce goggona ce, Umra ta zo. Ta rufe fayil ɗinta ta ce, "Ya khala, ban rubuta komai ba. Zan dawo jibi. In na same ta, dole in rubuta." Ba muguwa ba ce, har hannun Goggo ta sumbata kafin ta fita.

Da Idris ya dawo na faɗa masa, ya ce, "A gidana ba a taɓa ce wa baƙo tashi ba. Su cire sunan." Faɗa yake da sauƙi, ba shi zai kalli Minna ana sa ta a motar Aziziyya ba. Na zaga maƙwabta, kowane ɗaki cike da nasu baƙin, har kan bene an shimfiɗa. Na tambayi kuɗin otal, kuma ka san Makka a goman ƙarshe, ɗakin da ko taga babu sai ka ji kamar sayar maka za a yi. Da ba sau biyu aka yi takardun nan ba, da ina da abin kama mata ko gado ɗaya ne. Ba ni da shi. Awarwaro sun tafi, kuɗin gwiwa ya tafi.

Goggo ta tambaye ni, "Me yarinyar nan ta ce?" Na ce, "Ba komai, Goggo, aikinsu ne." Ta ce to. Ban san wa ya faɗa mata ba. Minna dai na kan cinyarta lokacin, kuma Minna ta fi ni jin Larabci, ba ta kuma riƙe magana.

Da gari ya waye na fito na tarar ta ɗaure jakarta. Ta ce, "Mairamu, ni fa i'itikafi zan shiga a Harami, goman nan duka. Tun daga gida na ƙudura." Matar da sai na kama ta take tashi daga tabarma. Na san ba haka ba ne, ta kuma san na sani. Kalma ɗaya ake jira in faɗa, in ce zauna. Tana bakina, Yaya. Na dubi takalman yaran a jere a bakin ƙofa, na ce, "Allah ya karɓa, Goggo." Ni da kaina na ɗaukar mata jakar har tashar bas.

Mufattisha ta dawo, ba ta ga kowa ba, ta sa hannu. Sunana na nan, yaran na nan.

Kullum in an kwashe yara sai in kai mata abin buɗa-baki a farfajiyar Harami. Ka san cunkoson goman ƙarshe, ko ba ka sani ba. Banɗaki da nisa, wurin kwanciya sai wanda ya riga, an ɗauke mata takalmi ta yi yini biyu ba shi. Ƙafafunta suka kumbura har ba ta iya lanƙwasa su. In na ce Goggo mu koma gida, sai ta ce, "Ke, ga ni ga Ka'aba, me zan je in yi a gidanki?" Ranar Sallah na dawo da ita, na ce in sun so su zo su rubuta.

An ba ni shaidar jam'iyya na rataye a bango, da takardun da suka ce ba ni da laifi a ƙasa biyu. A makon da na fitar da baƙuwata daga gida aka ba ni ita. Ina jin haushinka, ina jin haushin nizam, amma wanda na fi ji nawa ne. Ka kai ta asibiti a duba ƙafafun da zarar ta sauka.

Mairama

Rijiyar Zaki, Kano
22 ga Yuli, 2017

Hajiya Mairama,

Gaisuwa da fatan alheri. Goggo ta sauka lafiya. Na kai ta asibiti, sun ba ta magani, kumburin ya fara saɓewa, amma har yanzu da sanda take zuwa ko bakin zaure.

Na ɗauko wasiƙarki ta Afrilu na sake karantawa. Abin da kika rubuta a fili yake, babu ƙananan baƙaƙe a ciki. 

Ban karanta mata taki ba, kamar yadda kika ce. Amma na je Kabo na tarar da tsakar gidan cike da mata, tana ba su labari. Wai kin riƙe ta kamar uwar da ta haife ki, kullum da kalar abincin da kike kai mata. Wai ita ce mace ta farko a zuriyarmu da ta yi i'itikafi a Harami, duk wanda bai yarda ba ya dubi ƙafafunta. Da suka watse na matsa kusa na ce, Goggo, da gaske tun daga gida kika ƙudura? Ta dube ni ta ce, "Kai dai Mailafiya kurma ne, kuma ba a kunne kaɗai ba." 

Ta ce in tambaye ki ko yarinyar nan Minna tana cin abinci, in ba ta ci ki gwada ɗanwake da man gyaɗa, ba yaji. Ta ce kuma ta manta tabarmarta a gidanki. Na ce a aiko da ita ta hannun wani, ta ce a bar ta.

Yayanki,
Mailafiya

Kudai, Makka
30 ga Agusta, 2017

Yaya Mailafiya,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafafun Goggo sun ƙara sauƙi. Garin cike yake da alhazai, ta hannun ɗaya daga cikinsu zan aiko wannan. Minna tana ci, amma ta ce nawa ɗanwaken ba irin na Goggo ba ne.

Jam'iyya ta kira mu taro. Takardun nan ashe duk shekara za a riƙa sabunta su, kuma har yanzu daga aljihunmu. Matan da ke wurin suka yi ta hayaniya, biyu sun ce sun bar sana'ar. Ni dai na gaji. Tambaya ɗaya na yi, na ce in mutum yana da baƙo daga gida, ya zo da irin takardar nan daga ƙasarsa, an yarda ya kwana? Suka duba junansu, suka duba littafinsu, suka ce an yarda.

Saboda haka ka shirya. Zan aiko da yatsunmu cikin Rajab, don kada takardun su mutu kafin azumi. Amma bana uku za ka yi, ba biyu ba. Ka ɗauki Goggo ka kai ta a dangwala nata, a bi da ita duk ofisoshin, ja da shuɗi da kore. Kada ka rubuta mini jimla a bayan fom, kada kuma ka ce mini ba ta da kuɗin kujera ko ƙafarta ba za ta iya ba. Wannan ba ruwanka. Ko ta zo ko ba ta zo ba, ina so takardarta ta kasance a bangon nan kusa da tamu. Tabarmarta na bayan ƙofa, Minna ba ta bari kowa ya hau.

Na ga hannuwanta, sun fi nawa cinyewa. Ka ce mata ta bar wanke-wanke mako biyu kafin ku je, ta riƙa shafa basilin.

Ƙanwarka,
Mairama